Farin Jinin Inuwa Dikshinari

Idan ka shiga Panshekara kana neman Inuwa, kada ka ce Inuwa kawai, don za a yi ta nuna maka gidajen da ba su ba ne. Ka ce Inuwa Dikshinari. Ko akuyar unguwa ka tambaya, sai ta raka ka har ƙofar gidansa.

Ɗan lodi ne a wani kamfanin biskit da ke Challawa, aikinsa ɗora kwalaye a mota da sauke su. Amma in ka ji shi a teburin mai shayi, sai ka rantse shi ya haifi Turanci ya yanke masa cibiya. Firamare ma bai gama ba. Jarinsa duka wani zama ne da ya taɓa yi a Legas yana gadin gidan mai, zaman da kullum ƙara tsawo yake a bakinsa, yau 'yan watanni, gobe shekaru. A cewarsa, wani Bature ya taɓa jin Turancinsa a Apapa, ya cire hula ya ce, "Don Allah rage gudu, ni ɗan ƙauyen Ingila ne."

Abin ya faro ne daga baje-koli. Kamfanin ya fito da sabon biskit mai kwakwa, aka kai shi rumfa, Inuwa na cikin waɗanda aka tura su sauke kaya. Kafin la'asar babu ko ɓurɓushi, mutane na ta zuwa ana ba su haƙuri. Matar da ke kula da rumfar ta yage kwali, ta rubuta SOLD OUT da manyan baƙaƙe ta rataya, manyan kamfani suka zo suna ɗaukar hoto da kwalin, bakin kowa har kunne.

Inuwa ya zagaya kwalin nan ya sake zagayawa. Tambaya na cin sa, girman kai ya danne ta. Can dai ya matsa kusa da matar ya ce, "Madam, ni fa na san ma'anarsa. Gwada ki zan yi, in ga ko makarantun yanzu na koyar da wani abu."

Ta ce, "An saye kaya kaf, babu saura. Farin jini ke nan."

"Kin ci," in ji Inuwa. "Ki ci gaba da ƙoƙari."

Ya naɗe kalmar ya sa a aljihu kamar tsohuwa ta tsinci allura.

Ana nan sai zaɓen ƙungiyar ma'aikata ya taso, kuma ba zaɓen wasa ba ne. Mutane sun daɗe suna aiki a matsayin 'yan wucin gadi, an ƙi tabbatar da su, ƙungiya kuma ta ce in ba a duba ba za a tafi yajin aiki. Duk wanda ya zama ciyaman, shi zai zauna da manaja ƙafa da ƙafa. Wadda kowa ya sa wa ido ita ce Hajiya Aina'u, shugabar sashen shirya biskit a leda, mace mai murya kamar jiniya, wadda ko injin ya gan ta sai ya gyara tafiya.

Inuwa ya shigo gida da yamma yana taku ɗai-ɗai. Matarsa Kulu na tankaɗen garin ɗanwake, don ita ke sayar wa ma'aikata abincin rana a ƙofar kamfanin.

"Kulu, daga yau ki fara koyon tafiyar matan manya."

Ba ta ko ɗago ba. "Baturen Apapa ne ya dawo, Baban Sumayya?"

"Ciyaman zan zama."

"Na 'yan surutu?"

"Na ma'aikata! Da wane yare ake zama da manaja? Da Turanci. Wa ke da shi? Ni. Aina'u in ta ji an ce mata gud monin, sai ta ce lafiya lau."

"Ai ita ta yi sakandare."

"Sakandare ai gini ne. Ni daga bakin masu abin na sha."

Kulu ta kaɗe rariya ta ce, "To Allah ya sa kada abin da ka sha ya shaƙe ka."

Washegari ya sayar da kekensa, ya hau adaidaita sai Na'ibawa, shagon wani mai buga riguna da ake kira Isyaku. Ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce, "Riguna nake so, ruwan ɗorawa, waɗanda ko makaho ya gani sai ya kare ido. Da tuta babba. Ka rubuta INUWA SOLD OUT."

Isyaku ya ajiye biro. "Wane ne Inuwan? Me ya yi muku da zafi haka?"

"Ni ne Inuwan."

Isyaku ya dube shi sama da ƙasa. "Ku da kanku? Malam Inuwa, wannan kalma fa fuska biyu gare ta. In kaya ne..."

"Dakata! Kai ka taɓa zuwa Legas?"

"A'a, amma..."

"Ka taɓa ganin Bature ya cire maka hula?"

"Ban taɓa ba."

"To kifin rijiya, buga abin da aka ce ka buga. Ma'anarsa farin jini. Kuma don a san a wurin su wa nake da farin jinin, ƙara WORKERS a ƙarshe, wato ma'aikata."

Isyaku ya dafe kai. Abin da aka hana shi faɗa shi ne, kalmar nan in an jingina ta da kaya, to kaya sun ƙare a kasuwa, sai murna. Amma in an jingina ta da mutum, to an ce ya sayar da mutanensa, ya ci amanarsu don abin duniya. Yanzu kuma da aka ƙara ma'aikata a wutsiya, ko ƙofar tsira ba a bari ba. Rigar cewa take yi ƙarara: Inuwa ya sayar da ma'aikata.

Ya sake gwadawa. "Malam, ku bari in..."

"In ba ka iya rubutawa ba, kawo in rubuta maka."

"Na iya," in ji Isyaku. "Ƙasa ta shaida dai na yi magana." Ya kunna inji.

Da riguna suka iso, Inuwa ya tara 'yan uwansa 'yan lodi, bayin Allah daga ƙauyukan Kano da Jigawa waɗanda Turancinsu bai wuce "kam" da "go" ba. Riga sabuwa, kyauta, wa zai tsaya tambayar abin da ta ce? Babbansu, wani ƙato mai suna Uba, har biyu ya karɓa. Da sassafe suka jero daga Panshekara a ƙafa, tun da keke ya riga ya zama riga, Inuwa na gaba, su na baya, rawaya zar kamar gonar riɗi ta tashi tafiya.

A bakin masallaci suka haɗu da maƙwabcin Inuwa, wani malamin makaranta. Ya karanta ƙirjin Inuwa, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

"Inuwa, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Ni na yi wa kaina, da kuɗina."

"Kuma gaskiya ne abin da aka rubuta?"

"Kowa ya sani, Malam. Yau dai na fito fili ne."

Malam ya girgiza kai. "Na ga marasa kunya, amma ban taɓa ganin ɓarawon da ya rataya wa kansa allo ba. Allah ya shirya."

Inuwa ya juya ga tawagarsa. "Kun ji hassada ko? Yana koyar da Turanci shekara da shekaru, ba a taɓa buga sunansa a riga ba."

Suna isa titin Challawa, motar ma'aikatan wata masana'antar fata ta zo wucewa. Wani ya leƙo ta taga ya ƙwala, "Sell-out! Allah wadaran ka!" Ƙarar mota ta haɗiye rabin maganar, Inuwa ya ɗaga hannu biyu yana washe baki, "Na gode! Na gode! Sai kun zo!" Ya ce da Uba, "Ka gani? Har majema sun san ni."

Ya ɗaure tutarsa a jikin katangar kamfani, daidai inda kowa ke shiga. Kafin a busa tashin safe labari ya zaga. Waɗanda suka iya karatu suka karanta wa waɗanda ba su iya ba. Wasu suka ce a kama shi a tambaye shi nawa aka ba shi. Hajiya Aina'u ta fito ta tsaya gaban tutar, hannu a ƙugu, ta yi dariya har sai da ɗankwalinta ya zame.

"Kada wanda ya taɓa shi," in ji ta. "Kada kuma wanda ya fassara masa. Bawan Allah ya sayar da kekensa yana yi mini kamfen, ku bar shi ya gama ladansa."

Inuwa kuwa da ya ga duk inda ya gifta ana nuna shi ana ƙus-ƙus, sai kansa ya ƙara girma. Har ya ga bai kamata ya ci wannan albarka shi kaɗai ba. Ya samo kwali ya kwafi SOLD OUT daga ƙirjinsa, ya je ya liƙa a jikin kular ɗanwaken Kulu.

"Mene ne wannan kuma?"

"Laƙanin kasuwa ne na Turawa. Da idona na ga ya yi aiki a baje-koli. Yau sai kin rasa hannun karɓar kuɗi."

Kulu dai ta san ɗanwakenta ba ya kai azahar, amma ta ce bari ta gani. Aka tashi cin abinci. Akawuna da 'yan ofis, manyan masu sayenta, suka taho da kwanukansu, suka hango kwali, suka ce, "Kash, yau mun makara, har ya ƙare," suka juya wurin mai shinkafa da wake. Ma'aikatan cikin inji kuwa, da suka san matar wane ne, ko kallo ba ta ishe su ba. Ta kira wani tsohon mai sayenta, "Malam, yau ba a taɓawa? Ga shi da zafi, har da ƙwai."

Ya ce, "Ki kai wa manaja. Mu ba ma cin ɗanwaken da aka kwaɓa da guminmu."

Haka ta yini tana korar ƙuda. Da yamma ta dire kular a gaban Inuwa, cike maƙil, man gyaɗa ya daskare a kai.

"Ga laƙaninka. Me rigar nan take cewa, Baban Sumayya? Gaya mini tsakaninka da Allah."

"Farin jini take cewa."

"To ni baƙin jini na gani. Tun da na fara sana'a ban taɓa kwantai ba sai yau."

"Makircin Aina'u ne. Babban mutum ba ya rasa maƙiya. Kuma laƙani ai sai ya kwana biyu yake kamawa."

"To kafin ya kama, kai kama wannan." Ta miƙa masa cokali.

Ya ci ɗanwake a daren, ya karya da shi da safe, Kulu na tsaye a kansa. Kwalin kuwa ya hana a cire, wai kada a karya asiri.

Ranar zaɓe da hantsi, masinja ya zo wurin lodi ya ce manajan ma'aikata, Alhaji Abdulbaqi, na son ganin Inuwa. Inuwa ya kaɗe riga ya dubi 'yan uwansa. "Kun gani? Tun ba a kaɗa ƙuri'a ba, gwamnati ta fara neman sulhu."

Shi Alhaji Abdulbaqi kwana biyu ke nan yana kallon tutar nan ta taga yana mamaki. Ya saba sayen mutane a ɓoye, a bayan gidan mai ko a cikin mota, bai taɓa ganin wanda ya kafa tallar kansa a katanga ba. Ya tarbi Inuwa da lemo mai sanyi, ya nuna masa kujera mai juyawa. Inuwa ya zauna, kujera ta juya da shi ya fuskanci bango, sai da ya yi iyo da ƙafa kafin ya dawo.

"Malam Inuwa, na ga saƙonka. Da gaske kake?"

"Ranka ya daɗe, ai abin da ya kai ga riga ya wuce wasa."

"Gaba ɗaya?"

"Kaf! Babu saura."

"Har su ma'aikatan?"

"Ai su ne a gaba. A tafin hannuna suke. Yadda na ga dama haka zan juya su."

Alhaji ya jingina yana murmushi. "Kai, ina son mutum mai gaskiya. Amma ba ka tsoron su ji?"

"Su ji? Ai yau a lasifika zan faɗa!"

Alhaji ya ga lallai ya haɗu da gwarzon maciya amana. Don kada masinja ya ji sauran, sai ya juya harshe zuwa Turanci, ya yi ta zuba: in Inuwa ya ci zaɓe zai janye yajin aiki, zai sa a bar maganar 'yan wucin gadi sai baɗi, zai riƙa kawo sunayen masu zuga mutane. Turancin nan ya wuce ta kan Inuwa kamar jirgin sama. Amma Dikshinari guda ya ce bai gane ba? Duk inda Alhaji ya numfasa, sai ya cafe: "Yes, sir. Very yes. Correct." Da ya ga Alhaji ya yi dariya, shi ma ya yi, har da buga tebur.

Aka ɗauko masa kwalayen biskit daga can ƙuryar sito, aka ce direba ya kai shi filin taro a motar manaja. Inuwa ya shige gidan baya, ya sauke gilashi, ya fito da gwiwar hannu.

Filin taron a bayan kamfani yake, ƙarƙashin itatuwan darbejiya, kuma ya cika maƙil. Hajiya Aina'u ta gama jawabinta ke nan sai ga baƙar motar manaja ta kutso. Kowa ya waiwaya. Ƙofa ta buɗe, ga Inuwa cikin rawayar rigarsa, direba na biye da shi da kwalaye. Wani tsoho ya ce, "Innalillahi. Har da rasit ya zo."

Inuwa ya hau benci ya karɓi lasifika. Ya so ya fara da Turanci, ya ce, "Ladies and gentlemen of the biscuit," sai man ya ƙare, ya gangaro Hausa.

"'Yan uwana ma'aikata! Ba sai na gabatar da kaina ba, rigata ta yi magana. Yanzu daga ofishin manaja nake. Mun zauna, mun sha lemo, mun gama komai da Turanci. Abin da wasu za su yi shekara suna ihu a kai, ni a zama ɗaya na kashe shi!"

Guna-guni ya tashi kamar hadari.

"In na ce Inuwa, ku ce sold out! Inuwa!"

"SOLD OUT!" Filin ya amsa da wata irin tsawa, har da masu nuna shi da takalmi.

Daɗi ya kashe Inuwa. Bai taɓa jin amshi mai ƙarfi haka ba. "Ban ji ba! Inuwa!"

"SOLD OUT! Maci amana!"

"A'a, banda ƙari. Ku tsaya a kan Turancin."

Hajiya Aina'u ta matso gaban bencin. Ba ta bukatar lasifika. "Malam Dikshinari, mu jahilai a taimaka mana. Me rigar take nufi?"

"Tambaya mai kyau, Hajiya, neman ilmi ba ya tsufa. Tana nufin na yi farin jini, na ƙare a kasuwa kamar biskit mai kwakwa."

"To kai biskit ne?"

"Misali ne."

"A leda kake ko a kwali?"

Aka fashe da dariya. Inuwa ya ce, "Hajiya, Turanci teku ne, kada ki shiga da zani."

"To bari in tsoma ƙafa. In an faɗi kalmar nan a kan biskit, an saye shi ne. In an faɗe ta a kan mutum, shi ya sayar. Rigarka cewa take Inuwa ya sayar da ma'aikata. Mu ne hajar, kai ne dillali. Abin da ya rage mu ji shi ne, nawa-nawa ka sayar da mu? Da kwali ko da ɗai-ɗai?"

Inuwa ya dubi ƙirjinsa. Baƙaƙen nan da ya yi kwana biyu yana shafawa suka zuba masa ido. Maganar mai buga riguna ta faɗo masa, wai kalmar nan fuska biyu gare ta. Amma bakin da ya saba ba ya mutuwa da wuri.

"Wannan Turancin Amurka ne! Ni na Ingila nake yi!"

Ƙila da ya samu masu sayen wannan magana, sai direban manaja, wanda ya gaji da tsayuwa, ya matso ya ja masa ƙafar wando. Lasifika na hannun Inuwa a sauke, daidai bakin direba.

"Malam Inuwa, zan koma. Alhaji ya ce kada ka manta alkawarin janye yajin aikin, da sunayen da ka ce za ka kawo masa."

Maganar ta fita tar, har bayan katanga.

"Wane alkawari? Ni yes kawai na ce!"

"To ai shi ne," in ji direba.

Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani har yau ba su daidaita a kan farkonsa ba. Wasu sun ce Uba ne ya fara, da ya gane kwana biyu yana yawo da shaidar cin amana har riga biyu, ya kama wuyan ta saman ya yage ta gida biyu yana ihu, "Ni da na ɗauka sunan ƙungiyar ƙwallo ne!" Sauran 'yan lodi suka hau tuɓewa kamar rigunan sun kama da wuta. Wasu kuma suka farke kwalayen biskit don su ga farashinsu. Wata mata daga sashen leda ta duba bayan fakiti ta ƙwala ihu, "Jama'a, wannan ai tsohon kaya ne da ya ƙi sayuwa, tun bara yake sito! Ko sayar da mu ɗin ma da ruɓaɓɓen biskit aka yi!"

Wannan ya fi komai ɓata wa mutane rai. Biskit ya fara sauka a kan Inuwa kamar ƙanƙara, kuma da yake ya bushe ya yi tauri, duk inda ya samu sai ya ce ƙwas. Inuwa ya kama rigar zai cire, wuyanta ya maƙale masa a haɓa, hannuwa a sama, fuska a rufe, tumbi a waje. Ya taka gefen benci, benci ya ɗaga, ya tafi da baya ya zauna daram cikin wani abu mai laushi da sanyi.

Kular Kulu ce. Ta kawo kwantan jiya filin taro ko Allah zai sa a saya.

Ta tsaya a kansa, ta janye rigar daga fuskarsa, ta dube shi zaune cikin ɗanwake har ƙugu.

"Sannu, Ciyaman."

"Kulu, ki gaya musu ban sayar da kowa ba."

Kulu ta juya ga jama'a ta ɗaga murya. "Ku ji tsoron Allah, ku bar shi haka! Na rantse muku mutumin nan bai sayar da ku ba. Shekara da shekaru ina tare da shi, ko tsinken sakace ka ba shi ya sayar, sai ya dawo maka da shi. Wautar ce dai Allah ya ba shi, ya kuma ba shi baki."

Wannan shaida ita ta cece shi. Fushi ya narke ya koma dariya, har masu jifa suka zauna a ƙasa suna riƙe ciki. Hajiya Aina'u ta ce a ɗaga shi, ta kuma ce tun da sun ji da kunnensu abin da manaja ke ƙullawa, yajin aiki ba fashi. Aka ɗaga mata hannu gaba ɗaya, ta zama ciyaman. Inuwa ma ya ɗaga, ɗanwake na zuba daga hammatarsa.

Yajin aikin bai daɗe ba kamfani ya sauko, aka tabbatar da 'yan wucin gadi, cikinsu har da shi gogan. Amma Inuwa bai ga wannan ba, yana ɗaka ya ja bargo, wai zazzaɓi. Ko rediyo aka kunna aka fara labaran Turanci, sai ya ce a kashe, kansa na ciwo.

Ranar da ya koma aiki, ya shiga ta ƙaramar ƙofa yana bin jikin bango, ya ƙudura a ransa ko sunansa aka kira da wani yare ba zai amsa ba. Yana shan kwana sai ya yi kiciɓis da Zakariyya, wani ma'aikaci mutumin Maraɗi, wanda ya tafi ganin gida tun kafin zaɓe, bai san wainar da aka toya ba. Zakariyya ya yi murnar ganinsa, ya buɗe hannu ya gaishe shi da gaisuwar Faransanci irin ta mutanen Nijar, wadda ke nufin yaya kake.

"Inuwa! Saba?"

Inuwa ya daka tsalle ya manne da bango, ya ɗaga hannu biyu sama, ya ƙwala ihun da har 'yan sito suka leƙo.

"Wallahi ban saɓa ba! Ban saɓa wa kowa ba! Ku zo ku yi mini shaida, jama'a, an sake kawo wani sharrin!"